Sulken da Ya Ɓarke a Ƙofar Soro: Yadda Aka Sake Saƙa Shi Kafin Babbar Sallah

Ranar Hawan Ƙaramar Sallah a Katsina, da tawagar wani hakimi ta zo jafi a filin Ƙofar Soro, ɗaya daga cikin mahayan ya saki linzami, ya miƙe a kan likkafa, ya ɗaga mashi sama kamar yadda aka saba. Kafin ya ja dokin ya tsaya, sulken da ke jikinsa ya buɗe daga hammatar dama har kusan kwiɓi. Ƙura ta turnuƙe, don haka 'yan kallo ba su ankara ba. Sai da aka koma masauki aka tuɓe shi aka ga ɓarnar: ɓaraka a hammata, wata a baya daidai inda ya zauna a kai, ta uku a bakin wuya. Farin kaftanin da ya sa a ciki ya yi jawur da tsatsa, kafaɗunsa biyu kuma sun kwanta da shatar zobba kamar an yi masa tsaga.

Sulken sabo ne fil. Wani dattijon maƙeri na cikin birni ne ya saƙa shi a watan azumi, mutumin da ba a raina hannunsa a linzami da likkafa, amma bai taɓa haɗa rigar ƙarfe ba. Hakimin bai ƙwace aikin daga hannunsa ba. Ya ce a gano abin da ya jawo, a sake wani kafin Babbar Sallah, wato wata biyu da kwana goma.

Ba abin mamaki ba ne gwanin maƙeri ya yi tuntuɓe a nan. Sulke tsohon abu ne a ƙasar Hausa: tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. To amma lifidi a gida ake ɗinka shi da audugar rimi, shi kuwa sulke galibi ta Sahara fatake ke shigo da shi daga wajen Masar da Turabulus, ya shiga taskar sarki, a riƙa bai wa barade. Saboda haka maƙeranmu sun yi gadon gyaransa fiye da yadda suka yi gadon saƙa shi daga farko. Yanzu da tsofaffin suka yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma ake tattalinsu, masu hawa sun koma neman sababbi, kuma ya kamata a ce a Katsina da Daura ake yin su da kyau.

Abin da aka gani da aka shimfiɗa shi

An baje sulken a kan tabarma, aka bi shi zobe-zobe. Laifi na farko na waya ne. Maƙerin ya yi amfani da baƙar wayar nan da magina ke ɗaure rodi da ita, domin tana da araha kuma tana da daɗin lanƙwasawa. Daɗin nan shi ne cutar. An gasa ta tun daga masana'anta don ta yi laushi, ta bi hannun birkila, ta zauna inda aka murɗe ta. Zoben da aka yi da ita yana rufuwa ba gardama, haka kuma yake buɗewa ba gardama.

Kaurinta milimita 1.2 ne, abin da masu shago ke kira lamba 18, aka kuma naɗe ta a kan ƙarfe mai kaurin milimita 10. Wanda ba shi da ma'aunin makanikai yana iya gane kaurin waya cikin sauƙi: ya naɗa zagaye goma a matse a jikin ƙusa, ya auna tsawonsu da rula. Idan ya ga milimita 12, wayar 1.2 ce, idan 16, to 1.6 ce. Abin da ake dubawa shi ne faɗin ramin zobe a raba shi da kaurin waya. A nan 10 a raba da 1.2 ya ba da 8 da ɗoriya. Zoben da bakinsa haɗuwa kawai ya yi, ba a ɗaure shi da ƙusa ba, ba ya son wannan lissafi ya yi nisa da 5. Dalili kuwa, faɗin zobe kamar tsawon ƙotar guduma yake: iya faɗinsa, iya sauƙin da nauyi zai samu wajen banƙare shi. Kaurin waya kuma ba ɗaya-ɗaya yake ƙara ƙarfi ba. Idan aka tashi daga 1.2 zuwa 1.6, ƙarin kaurin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma juriyar lanƙwasa ta ninka kusan sau biyu da rabi.

An gwada a gaban maƙerin don ya gani da idonsa. Aka sarƙa zobba goma ɗaya cikin ɗaya, aka rataye a reshe, aka ɗaura bokitin roba a ƙasa, ana zuba ruwa lita-lita, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ba a gama zuba lita ta biyu ba zobe ya wangale, bokiti ya faɗo.

Laifi na biyu na yanka ne. Da filayar yanke waya aka datse zobban, irin wadda ke matso waya daga gefe biyu. Ita tana barin kowane baki da tsini kamar na fensir. In aka rufe zoben, tsini biyu ne ke taɓa juna, gefe da gefe kuma akwai ɗan kwari. Wayar zoben da ke maƙwabtaka tana faɗawa cikin kwarin nan, doki ya yi sukuwa, ta yi ta dukan wurin har ta sulale ta fita. Tsinin ne kuma ya yi ta cakar kaftani.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ba na ƙira ba ne, na ɗinki ne. Saƙar sulke, kowane zobe yana riƙe da huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Zobban suna jeruwa layi-layi, wannan layi ya kwanta dama, mai bi masa ya kwanta hagu, kamar kunyoyin gona. Saƙar tana miƙewa ta tsuke ta hanya ɗaya kawai, wato tare da kunyoyin. In an yi riga daidai, kunyoyin suna zagaye jiki kamar ɗamara, sai nauyin ƙarfen ya sa rigar ta tsuke ta kwanta a jikin mutum, idan ya ja numfashi ko ya ɗaga hannu ta buɗe ta ba shi hanya. Maƙerin ya saƙa doguwar shimfiɗa guda, ya ninka ta biyu, ya buɗe wuya a tsakiya, kunyoyin suka sauko daga kafaɗa zuwa gwiwa. Rigar ta zama a miƙe iyakar miƙewarta ta tsaye, ta faɗi kuwa ba ta da ko ɗan yatsa na rara. Da mahayin ya ɗaga mashi, babu inda za ta ba da kai sai hammata.

Ragowar biyun gajeru ne. Ba a tsaga rigar a baya ba, mahayin ya zauna a kan gindinta, duk tashi da zaman da ya yi a sirdi yana finciko ta daga wuya. Sannan an sa ta a kan kaftani tsura, ba abin tare kafaɗa, ba ɗamara, a tsakiyar bazara. Zufa ta haɗu da baƙin ƙarfe, kafin azahar tsatsa ta fito.

Mahayin ya tambaya ko za a iya toshe wuraren da suka ɓarke a ci gaba da shi. Maƙerin da kansa ya amsa: "A'a ɗana, wannan ko an toshe nan, can zai buɗe. Sai dai sabo." Gaskiya ya faɗa. Sulken da kunyarsa ta juya ba ya gyaruwa sai an warware.

Waya, naɗi da yanka

Aka koma kan farar waya mai rufin tutiya, irin ta shinge, mai kaurin 1.6, lamba 16, a kan ƙarfe mai milimita 8. Lissafi ya dawo 5 cif. Ba kowace farar waya ce ke yi ba, akwai mai laushi a cikinsu. A lanƙwasa guntu da yatsu: wadda ta yi gardama, ta ɗan dawo baya da aka sake ta, ita ake so. Sarƙar zobba goma ta wannan waya ta ɗauki lita biyar ba ta motsa ba.

Kafin a sayi waya da yawa an saƙa ɗan gwaji, santimita 10 a kan 10, aka ƙirga: zobba wajen 135. Kowane zobe yana cin waya santimita 3, nauyinsa kusan rabin giram, kilo ɗaya na wayar kuma yana da tsawon mita 63. An kiyasta rigar za ta ci zobba wajen 19,000, aka shirya yanka 20,000 saboda waɗanda za su lalace. Mita 600 ke nan, kilo tara da rabi, aka sayi kilo 11 don bakin naɗi da asara. A sayi wayar duka lokaci guda, daga ƙulli ɗaya. Wayar shago biyu, ko lambarsu ɗaya, taurinsu kan bambanta, zobban su fito wani ya fi wani faɗi, saƙa ta yi tudu da kwari.

Abin naɗin ba wani abu ba ne: katako biyu a tsaye a kan faifan katako, an huda su, an zura ƙarfe mai santsi mai tsawon santimita 60, an lanƙwasa ƙarshensa ya zama mariƙi, an huda ɗan rami kusa da gefe ɗaya inda bakin waya zai shiga. Rodin gini ba ya yi, ƙurajen jikinsa suna riƙe naɗin ya ƙi zarewa. Mutum ɗaya yana juyawa, hannunsa ɗaya yana danne waya da tsumma ko guntun fata, zagaye na bin zagaye ba rata ba hawa. Naɗi mai tsawon santimita 40 yana ba da zobba 250, ana bukatar irinsa 80. Hatsarin yana ƙarshen naɗi: waya mai tauri tana tara ƙarfi, idan aka datse ta ba a saki mariƙin ya koma baya a hankali ba, jelar tana zabgowa ta fasa yatsa ko ta nufi ido. Masu sa injin huda don sauri su cire safar hannu, domin in waya ta kama safa, da yatsun za ta naɗe.

Yankan da ya fi kyau na siririn zarto ne, domin yana barin baki biyu a shafe, amma zobba 20,000 da zarto ba za su ƙare kafin Sallah ba, kuma zarto mai kauri yana cin waya ya bar rata. Aka yi amfani da almakashin yankan kwano mai gajeren baki, ana cin zobe biyu ko uku a kowane matsi. Yana barin baki a karkace, amma karkacewar ɓangare biyun ta dace da juna, in aka rufe suna hawa su zauna. A riƙe almakashin a kusurwa ɗaya daga farkon naɗi zuwa ƙarshe, a kuma wasa shi duk bayan naɗi goma.

Bayan yanka an wanke zobban a ruwan omo don a cire man masana'anta, aka shanya a rana a kan buhu.

Rufe zobe yana da ƙa'ida guda da duk mai koyo ke karyawa a ranar farko. Ba a buɗe shi ta hanyar janye baki biyu nesa da juna. Hakan yana ɓata da'irar, ba ta ƙara dawowa. Murɗawa ake yi, hannu ɗaya gaba ɗaya baya, da filaya biyu da aka goge haƙoransu da magagari don kada su kankare tutiya. Wajen rufewa a ɗan tura bakin ciki yayin da ake dawo da shi, a wuce daidai kaɗan, a dawo. Idan ya zauna za a ji ɗan ƙas. A shafa da yatsa: in farce ya maƙale, ba a gama ba. Almajirin maƙerin ya zauna yana rufe rabin zobban tun kafin saƙa, ya buɗe rabin, shi kuma maƙerin yana ɗaukar buɗaɗɗe ɗaya ya zuro rufaffu da shi. Da haka hannu ya kai wajen zobba 200 a awa, saƙar duka ta ci kusan awa 95, naɗi da yanka wajen awa 30.

Rigar ciki kafin rigar ƙarfe

Ba a fara saƙa ba sai da aka ɗinka abin da za a sa a ƙarƙashi, domin a kansa ake awo. Wani maɗinki da ya san aikin lifidi ya yi 'yar shara mai hannu zuwa gwiwar hannu, yadin auduga mai kauri ninki biyu, ya yi ɗinki layi-layi da tazarar santimita 3, ya cusa auduga da sanda. A kafaɗa da ƙashin wuya kaurin ya kai santimita ɗaya da rabi, a ƙirji da baya bai wuce rabin haka ba, hammata kuwa ba a cusa komai ba, aka bar ta yadi zalla don iska da motsi.

An yi shawara kan audugar rimi, wadda da ita ake cusa lifidi tun kaka da kakanni. Ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, amma zarenta gajere ne mai santsi, tana gangarowa ta taru a ƙasa idan layin ɗinki ya yi tsawo, kuma tana kama wuta kamar fetur, abin tunawa a wurin da 'yan bindiga ke harba albarushi kusa da dawaki. Aka sa ta a kafaɗa kawai, aka datse layukan da ɗinkin gicciye duk santimita 8, sauran jiki aka sa audugar gona. An rina yadin shuɗi mai duhu, domin tutiya tana barin toka-toka a jikin tufa, farin yadi ba zai kai la'asar ba.

Ƙirjin mahayin santimita 98 ne, da rigar ciki ya zama 108. Aka sa zobba 120 a kowane layi: in an sake shi yana tsukewa ya kwanta a kan 108, in an ja shi yana kai wa wajen 130. Wannan rarar ce ke ba mutum damar shiga rigar da ba ta da maɓalli, ita ce kuma ke ba shi numfashi. Tsawo daga kafaɗa zuwa tsakiyar cinya santimita 85, layi 120.

Yanka rigar

Sulke ba buhu ba ne, kuma nan ne maƙeri ke bukatar idon tela. Bayan mutum ya fi gabansa bukatar fili, domin hannuwa gaba suke aiki, da linzami da mashi. Saboda haka an ƙara zobba takwas a baya, huɗu a kan kowane allon kafaɗa, sannan aka rage su a hankali kafin kugu. Ƙari yana da sauƙi: ana rataya zobe ɗaya na daban a jikin zobe guda na layin sama maimakon biyu, layin da ke biye ya ɗauke shi kamar sauran, sai faɗi ya ƙaru da ɗaya. Ragi kishiyar haka ne, zobe ɗaya ya kamo uku. Kada a jera ƙarin a layi ɗaya ko a saman juna kai tsaye. A warwatsa su, aƙalla layi huɗu tsakani, in ba haka ba wurin ya yi ƙulu.

Ramin wuya an matso da shi gaba, kashi biyu cikin uku a gaba, ɗaya a baya. In aka sa shi a tsakiya, rigar tana zamewa baya ta shaƙe maƙogwaro. An yi shi ƙarami, aka tsaga santimita 15 a ƙirji don kai ya wuce, domin wuya mai faɗi yana tura nauyin duka zuwa ƙarshen kafaɗa, inda hannu ke saurin gajiya.

Hannayen riga ci gaban layukan kafaɗa ne, sun miƙe zuwa gwiwar hannu, santimita 30, kewaye 45. A hammata layukan hannu suna haɗuwa da na jiki a gicciye, kuma nan ne wancan ya fashe. Ba a rufe wurin a kan tabarma ba. An sa wa mahayin rigar, aka ce ya ɗaga hannu sama kamar mai jafi, aka ɗaure ɓarakar da zare a haka, aka cire, sannan aka cike da zobba. Hammatar da aka rufe hannu yana ƙasa, in an ɗaga hannu rigar duka take ɗagawa.

Daga kugu zuwa ƙasa an riƙa ƙara zobba huɗu duk layi shida, har gindin ya kai zobba 152 a layi. Aka tsaga gaba da baya, santimita 30 kowanne. Tsawon tsagar ba a tsaye aka auna shi ba. An ɗaura sirdi, mahayin ya hau, aka duba. Sirdinmu yana da tudu gaba da baya, dole ɓangarorin biyu su zubo a kan cinya ta kowane gefe, kada ko zobe ɗaya ya shiga tsakanin mutum da sirdi. Tsagar baya sai da aka ƙara mata layi biyar bayan wannan gwaji.

Zobba masu ƙusa

Tsofaffin sulkunan yaƙi ba haɗa baki kawai aka yi musu ba. Kowane zobe an ɗora bakinsa ɗaya a kan ɗaya, an fyaɗe, an huda, an sa 'yar ƙusa an dame, a wasu kuma layi ɗaya mai ƙusa, layi ɗaya zobe ne rufaffe tun asali. Yin haka ga riga duka aikin watanni ne. Abin da aka yi a nan shi ne a sa irinsu inda ake jan rigar: hammata biyu, kewayen wuya, da saman kowace tsaga, zobba wajen 600.

Ba a yi su da farar waya ba, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Tutiya in ta shiga wuta tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Duk abin da zai ga gawayi a yi shi da baƙar waya. An samo mai kaurin 1.6, aka naɗe ta a ƙarfen milimita 9, domin ɗora baki na milimita 3 yana cinye kusan milimita ɗaya na faɗi, zoben ya dawo 8 daidai da 'yan uwansa. An zuba su a gwangwani, aka gasa har suka yi ja, aka bar su suka huce cikin toka. Aka matse kowanne bakinsa ya hau, aka ɗora a uwar maƙera, bugu ɗaya ko biyu wurin ya fyaɗe.

Ɗari na farko kusan rabinsu sun tsage wajen huji. Dalili: bugun guduma ya mayar da wurin mai tauri, aka huda ba a sake gasawa ba. Da aka mayar da su wuta karo na biyu kafin huji, tsagewar ta kusan ɓacewa. Abin hujin ƙusar kankare ce aka wasa ta ta yi siriri, ana hudawa a kan guntun ƙarfe mai ɗan rami. 'Yar ƙusar kuma guntun waya mai laushi ce ta milimita 1, tsawon milimita 3, ana sa ta bayan zoben ya shiga mazauninsa a saƙa, a dame ta da awartakin da aka yi wa ɗan gurbi a baki. Kan ƙusar ya kalli waje, gefen da ya fi santsi ya kalli jiki. Waɗannan 600 sun ci awa 25, kwatankwacin abin da zobba 5,000 marasa ƙusa ke ci.

Duk da haka a faɗa a fili: wannan sulken na hawa ne, na ado da martaba. Tsinin wuƙa ko mashi yana buɗe zobe marar ƙusa ya wuce. Kada wani ya sa shi ya ce a gwada masa ƙarfe.

Baduku ya naɗe bakin wuya da jar fata mai laushi, ya ɗinka ta cikin zobban layi biyu na farko, ya sa igiyar fata a tsagar ƙirji. Ya kuma yi ɗamara mai faɗin santimita 7. Da aka ɗora rigar a sikeli ta ba da kilo 9 da ɗan ɗori, kusan ninki biyu na ta farko. Mahayin ya ɗaga ta da hannu ya ce, "Baba, wannan ai sai ta karya ni." Aka sa masa, aka ɗaure ɗamarar a kan ƙashin kugu, aka jawo rigar sama kaɗan ta yi ɗan aljihu a bisa ɗamarar. Da haka duk abin da ke ƙasa da kugu ya sauka daga kafaɗa ya koma kan ƙugu, aljihun kuma ya ba shi damar miƙewa. In aka ɗaure ba a jawo ta ba, ɗamarar ba ta ɗauke komai, sai ma ta hana hannu ɗagawa.

Gwaji da ranar hawa

Saura kwana goma sha biyu Sallah aka fita bayan gari ta Ƙofar Guga da sassafe, da cikakken shiri, har takobi. Awa biyu: tafiya, sassarfa, sukuwa sau shida da tsayawar jafi. Aka dawo aka ɗaga rigar a rana, domin haske yana nuna zoben da ya buɗe. Hammata da tsaga ba abin da ya same su. Amma an sami zobba goma sha ɗaya sun ɗan buɗe a layi guda daga kafaɗar dama zuwa ƙirji, daidai inda hamilar takobi ke bi. Ƙarfen da ke jikin hamilar ne ke kama bakin zobe yana ja. Aka canza su da masu ƙusa, baduku ya yi wa hamilar shafi na fata ta ciki. An kuma ga gashin gemu yana shiga zobban da ke ƙarƙashin fatar wuya, aka ƙara faɗin fatar da yatsa biyu.

Zafi bai da magani sai dabara. Ƙarfe yana ɗaukar rana, amma iska tana ratsa saƙar. Rigar ciki ce ke riƙe gumi. Aka tsara kada ya sa sulken sai an kusa hawa, ya sha ruwa sosai kafin nan, a cire da zarar an sauka. Sawa: a sunkuya, hannuwa su fara shiga, sannan kai, a miƙe ta zubo. Cirewa: a kwance ɗamara da igiyar wuya, a yi ruku'u sosai, a girgiza kafaɗa ta sulalo ƙasa da nauyinta. Kada wani ya tsaya yana ja ta sama, haka ake buɗe zobban wuya.

Ya yi Hawan Sallah da shi, washegari ya yi Hawan Bariki. Da aka duba bayan kwana biyun, zobba huɗu ne suka buɗe, duk a gindin riga ta hagu inda kuben takobi ke bugawa, aka rufe su da filaya cikin minti biyar. Rigar ciki ta yi toka-toka a kafaɗa kamar yadda aka zata.

Abin da ya rage shi ne damina, wadda ta riga ta kankama. Baƙaƙen zobban nan masu ƙusa su ne za su fara tsatsa, kuma suna wuraren da gumi ya fi taruwa. Tsohuwar dabarar zuba sulke a buhu da yashi a yi ta mirginawa tana da kyau ga baƙin ƙarfe zalla, amma a nan za ta kankare tutiyar sauran. Saboda haka bayan kowane hawa a goge shi da busasshen tsumma, a shanya a rana awa ɗaya, a shafa man keken ɗinki kaɗan a hammata da wuya da tsaga. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura, baƙin man mota kuma ba ya fita daga tufa. Ba a rataye shi a ƙusa, domin kilo tara a kan zobba uku ko huɗu zai buɗe su kafin wata ya zagayo. A naɗe shi cikin tsohon zane, a sa a akwati nesa da ƙasa da bango, rigar ciki kuma a wanke ta a ajiye daban, a buɗe akwatin a duba sau ɗaya a watan Agusta.